Alhaji Buraima Amidu Mai Rakiya (1929–1990)

Haihuwa da Nasaba

An haifi Alhaji Buraima Amidu a unguwar Zango ta birnin Lome cikin watan ƙaramar Salla na shekarar 1929, wadda ta yi daidai da 1347 Hijiriyya. Mahaifinsa, Malam Amidu ɗan Kimba, falken goro ne wanda iyayensa suka taso daga ƙasar Katsina suka yada zango a Salaga, cikin ƙasar Gana ta yau, daga bisani shi ya gangaro bakin teku ya kafa gida kusa da babban masallacin Zango. Mahaifiyarsa kuwa, Ajaratu, 'yar Sokode ce, kuma a wurinta ya koyi harshen Kotokoli tun kafin ya iya tafiya. Shi ne na huɗu cikin 'ya'ya bakwai, kuma shi kaɗai ne a cikinsu Allah bai ba basirar ciniki ba, al'amarin da ya dami mahaifinsa shekaru masu yawa.

Malam Amidu ya shahara a Zango da ɗabi'a guda, wato ba ya barin baƙo ya fita daga zaurensa shi kaɗai. Kowa ya zo, babba ko ƙarami, sai ya zura takalmi ya raka shi bakin titi, in kuwa ya ga damuwa a fuskar baƙon to sai sun kai tasha. Matarsa takan yi masa tsiya cewa takalminsa sun fi na masinja saurin cinyewa. Buraima ya taso yana lura da cewa mahaifinsa kan dawo daga rakiya da labarin da ba a ambata a zaure ba: a zaure ana gaisuwa, a sha ruwa, a tambayi lafiyar iyali a ce lafiya lau, amma ainihin abin da ya kawo mutum sai an miƙe, ana tafe kafaɗa da kafaɗa ba mai kallon idon wani, sannan yake fitowa. Wannan shi ne gadon da ya ci daga mahaifinsa, tun da goro ya ƙi shi.

Neman Ilmi

Yana da shekara biyar aka kai shi makarantar allo ta Malam Umaru Mai Tafsiri, inda ya sauke Alƙur'ani mai girma a shekarar 1941, ya kuma fara littattafan fiƙihu. A shekarar 1938, bayan doguwar muhawara tsakanin mahaifinsa da kawunsa na Sokode, an sa shi makarantar boko ta Faransanci, wadda mutanen Zango suke kira lakwal. Malam Amidu ya amince ne bisa hujjar cewa yaron da ya kasa bambance goron jiya da na makon jiya gara a ba Nasara shi su gwada sa'arsu.

Ya sami takardar shaidar kammala firamare a shekarar 1945, sa'an nan ya shekara biyu yana koyon buga tafireta a wurin wani tsohon akawu ɗan ƙabilar Ewe. Kafin ya cika ashirin yana jin Hausa da Kotokoli da Ewe da Faransanci, da ɗan Turancin Ingilishi da ake tsinta a kan iyakar Aflawo. Duk da tarin harsunan nan, abokan karatunsa sun shaida cewa ba su taɓa ganin mai ƙarancin magana irinsa ba.

Aikin Farko da Aure

A shekarar 1947 ya kama aikin akawu a wani kantin atamfa da ke kusa da Asigame, babbar kasuwar Lome, kuma a nan ya shafe shekara ashirin da ɗaya yana buga wasiƙu da yin tafinta tsakanin masu kanti da mata 'yan kasuwa. A nan ne kuma Allah ya haɗa shi da Safara'u 'yar Alhaji Mamadu, wadda take taya gwaggonta sayar da zannuwa. Ta shigo kantin ne wata rana a fusace domin an aika musu dilar da ba ita suka zaɓa ba, ta wanke shi tas a gaban jama'a cikin harsuna biyu, shi kuwa ya saurara har ta gama, ya ba ta haƙuri, ya raka ta har rumfarsu. Kafin su isa ya ji tarihin rumfar da na gwaggon da na Safara'u kanta.

An ɗaura musu aure a watan Disamba na shekarar 1955, aka yi biki na kwana uku wanda tsofaffin Zango suka daɗe suna ambato. Jama'a sun yi ittifaƙi cewa haɗin ya yi daidai, domin ita tana magana ta mutum biyu, shi kuma yana sauraro na mutum biyu. Sun zauna shekara talatin da biyar ba 'yan watanni cikin so da raha, kuma bai ƙara aure ba.

Shiga Ƙungiyar Agaji

A ranar Litinin, 2 ga Satumba, 1968, ya bar kantin atamfa ya kama aikin sakatare a wata ƙungiyar agaji ta ƙasa da ƙasa wadda ba ta neman riba, mai hedkwata a Turai da rassa a ƙasashe shida na Afirka ta Yamma. Aikinta haƙa rijiyoyi a ƙauyuka, ofishinta na Togo kuma yana unguwar Tokoin. Sunanta na Faransanci doguwar jimla ce da ba a cika samun mai kai ta ƙarshe ba, saboda haka mutanen Zango suka raɗa mata Kamfanin Rijiya, ko da yake ba kamfani ba ce.

Yadda saƙo yake tafiya a cikin ƙungiyar a wancan lokaci shi ne, hedkwata ta rubuto umarni, Buraima ya buga shi da Faransanci, a manna kwafi ɗaya a allon sanarwa, a ba direbobi sauran su kai wa ayarin mahaƙa a arewa. Daga can kuma kowane shugaban ayari yana cike fom a ƙarshen wata, ya sa hannu ko ya dangwala yatsa, a dawo da shi Lome. A kan takarda tsari ne mai kyau ƙwarai. A zahiri kuwa, cikin ma'aikata saba'in da wani abu, sha ɗaya ne kawai suke karanta Faransanci, kuma maigadin ofis ya gano cewa takardun hedkwata sun fi kowace takarda kama wuta idan zai dafa shayi.

A shekarar 1971 aka turo sabon darakta, Bature, Mushe Loran (Mushe kuwa shi ne “Malam” a Faransanci), mutum mai gaskiya da ƙwazo wanda ya yi imani cewa duk maganar da ba a sa wa hannu ba iska ce. Cikin wata guda ma'aikata suka sa masa suna Mushe Sa-Hannu. Shi ne ya kafa akwatin shawara, kore mai kwaɗo, a bakin ƙofar ofis, domin duk mai ƙorafi ya rubuta, ya sa sunansa, ya jefa. To, zamanin jam'iyya ɗaya ne, lokacin da mutum kan waiga hagu da dama kafin ya buɗe baki ko da kuwa zancen ruwan sama zai yi, balle a ce ya rubuta kuka da hannunsa ya ɗora sunansa a ƙasa. Ana buɗe akwatin ranar Litinin ta farkon kowane wata, kuma cikin shekara uku abin da aka samu a ciki shi ne katin ɗaurin aure guda ɗaya, da ɓawon lemo, da wata tsaka da ta mai da shi gida. Mushe Loran ya rubuta wa hedkwata, cikin farin ciki na gaske, cewa reshen Togo ba shi da mai ƙorafi ko ɗaya.

Al'amarin Famfuna

A shekarar 1973, lokacin da fari ya tsananta a arewa, ƙungiyar ta kafa famfunan hannu guda arba'in a kan rijiyoyinta na yankin Mango da Dapaong. Mushe Loran da kansa ya zaɓi samfurin, aka ƙaddamar da su da kiɗa da jawabai a gaban sarakuna da manyan baƙi. Wata goma sha takwas fom yana zuwa daga arewa da amsa iri ɗaya, cewa komai lafiya. Bisa wannan shaida hedkwata ta yanke shawarar ƙaro guda ɗari da ashirin, domin a raba wa Togo da maƙwabtanta, kuma aka tsayar da ƙarshen watan Maris na 1975 domin tabbatar da odar.

A ranar Talata, 11 ga Fabrairu, 1975, shugaban mahaƙan Mango, Malam Idrisu, wanda a yau ake iya rubuta sunansa domin shi da bakinsa ya ba da izini, ya zo Lome karɓar igiyoyi. Ya zauna gaban darakta, Buraima yana tafinta yana kuma rubuta abin da ake faɗa. Aka tambaye shi famfuna ya ce lafiya lau, aka tambaye shi mutanen ƙauye ya ce suna godiya. Da ya tashi tafiya, Buraima ya ajiye alƙalami ya raka shi, kamar yadda yake yi wa kowa. Sun wuce ƙofar ofis, sun wuce masu soya doya, suna zancen damina, har suka hango motar arewa ana ɗaure mata kaya. A nan Malam Idrisu ya rage tafiya, ya faɗa masa cewa cikin famfuna arba'in tara ne suke ba da ruwa, domin yashin ƙasarsu yana cinye fatar da ke cikin famfon cikin wata uku. Kuma da yake an rufe bakin rijiyoyin da siminti ba a iya zura guga, mata sun koma tafki, kurkunu ya dawo ƙauyuka huɗu. Bai faɗa a ofis ba domin ba a kunyata mutum a kan kujerarsa game da abin da ya zaɓa da hannunsa, kuma shi kansa ya dangwala yatsa sau goma sha takwas cewa lafiya, idan maganar ta fito da sunansa ya zama maƙaryaci a Lome, ya zama mai tona asiri a Mango. Ya riƙe hannun Buraima ya ce, “Ka kai maganar, ɗan'uwa, amma ka bar sunana a nan bakin tasha. Amana ce.”

Washegari Buraima ya buga rahoto mai shafi biyu ya kai wa darakta. Mushe Loran ya karanta, fuskarsa ta yi ja, ya tambayi wanda ya faɗa, domin dokar ƙungiya ba ta yarda a aika wa hedkwata rahoton da ba shi da mai shi ba. Buraima ya karɓi takardar ya sa nasa hannun. Darakta ya tuna masa cewa shi ko garin Atakpame bai taɓa wucewa a bakin aiki ba, balle ya kai Mango, kuma bai taɓa taɓa famfo ba, saboda haka ko dai ya kawo sunan mai maganar, ko a ɗauke ta ƙage. Ya ba shi kwana uku. Da kwana uku suka cika bai kawo suna ba, aka dakatar da shi daga aiki, tare da gargaɗin cewa idan wata ya ƙare a haka, sallama ce.

Ya koma gida yana da kusan shekara arba'in da shida da 'ya'ya biyar, ba sana'a a hannu. Ya shiga damuwa ƙwarai, ba don kansa kaɗai ba, har don famfuna ɗari da ashirin da suke shirin rufe bakin wasu rijiyoyin. 'Yan'uwa suka yi ta zarya suna ba shi shawara ya faɗi sunan ya huta. Safara'u ita ma ta tambaye shi sau ɗaya, da ya ce mata amana ce sai ta ce ta gane, daga ranar kuma ita ta tsaya a ƙofa tana korar masu shawara da bakinta, wanda ya fi sanda tasiri.

A mako na biyu, da la'asar, sai ga Mushe Loran da kansa a Zango, ya zo gwada lallashi na ƙarshe. Aka shimfiɗa masa tabarma a zaure, Safara'u ta aiko da waina da miya, ya zauna sa'a guda yana maimaita dokar ƙungiya sashe bayan sashe, Buraima yana cewa haka ne. Da ya gaji ya miƙe, Buraima ya zura takalmi ya raka shi, kuma da yake lungunan tsohon Zango ba sa ɗaukar mota, tafiyar ta ɗan yi tsawo. Sai da darakta ya kama murfin motarsa sannan ya yi ajiyar zuciya, ya ce a gaskiya akwai abin da ya daɗe yana ci masa rai: wata goma sha takwas ba wanda ya taɓa neman kayan gyara daga arewa, alhali babu injin da yake aiki haka, amma ya ji tsoron tambaya domin shi ya zaɓi famfunan. Buraima ya yi murmushi ya ce, “Mushe, sa'a guda kana zaurena ba ka faɗi wannan ba, sai a nan jikin mota. To, haka su ma suke.”

Ya ba shi shawara ya tafi arewa, kada ya kira taro, kada ya riƙe takarda. Ya gaisa da mutane, idan zai tashi ya tura direba gaba da mota, ya bari a raka shi da ƙafa. Mushe Loran ya yi haka a farkon watan Maris, cikin zafin Mango da ba ya ragawa baƙo. A ƙauye na farko, a gaban sarki, aka ce masa komai lafiya. A hanyar zuwa mota wata tsohuwa ta tare shi ta nuna masa ƙafar jikarta, sa'an nan ta kama hannun rigarsa ta kai shi gaban famfon da kaji suke kwana a gindinsa. Ya zaga ƙauyuka goma sha ɗaya, ya dawo Lome fatar hancinsa ta saɓule, ya aika wa hedkwata waya a dakatar da odar saura kwana tara a tabbatar da ita. Rahoton da ya biyo baya shi ya sa masa hannu, ya kuma rubuta a ciki cewa kuskuren nasa ne. Kafin damina aka fasa murafen siminti guga ta koma aiki, daga baya aka kawo samfurin da ya dace da ƙasar.

Tsarin Rakiya

An mai da Buraima bakin aiki a ranar 1 ga Afrilu, 1975, da sabon muƙami na jami'in sadarwa tsakanin ma'aikata, irinsa na farko a duk rassan ƙungiyar. Ranar da ya koma, direbobi suka jera motoci suna danna oda tun daga bakin titi, masu dafa abinci suka yi guɗa, a Zango kuma Safara'u ta dafa shinkafa ta raba har ga waɗanda ta kora daga ƙofa.

Tsarin da ya shimfiɗa ba shi da wuya. Duk ma'aikacin da ya zo daga daji, bayan ya gama da ofis, sai wani babba ya raka shi da ƙafa, ba takarda ba alƙalami. Abin da aka ji a hanya yana hawa sama ba tare da suna ba, kuma darakta ba shi da ikon tambayar wa ya faɗa, ikonsa shi ne ya je ya duba ko gaskiya ne. Abin da Buraima ya fi matsawa a kai shi ne amsa, domin a ganinsa mutumin da ya yi magana sau ɗaya ya ji shiru ba zai ƙara ba. Saboda haka kowace Litinin ana tara ma'aikata a gindin mangwaron ofis a faɗa musu da baki, cikin Hausa da Ewe da Kotokoli, abin da aka ji da abin da aka yi a kai, har da wanda ba za a iya yi ba da dalilinsa. Takardun hedkwata kuwa ya riƙa fassara su yana ɗauka a kaset, direbobi su kai wa ayari, kuma yakan buɗe kowane kaset da gaisuwa ga mahaƙa ɗaya bayan ɗaya da labarin wanda aka yi wa haihuwa, sa'an nan umarni ya biyo. Akwatin shawara aka cire masa kwaɗo, maigadi ya mai da shi ma'ajiyar sukari.

A watan Janairu na 1976 Allah ya ba shi ɗa namiji, autansa, aka raɗa masa suna Idrisu. Da aka tambaye shi takwaran wa aka yi, ya ce sunan Annabi ne kuma yana sonsa. Wani kawun Safara'u mai wannan suna ya taso tun daga Sokode da rago, yana ta shelar cewa shi aka karrama, kuma ba wanda ya gyara masa.

Tashin Zango, Turai da Makka

A shekarar 1977, da aka tashi tsohon Zango aka mai da mutanensa Togblekope a bayan gari, ya rasa gidan da aka haife shi, kuma ya yi baƙin cikin haka. Amma kwanaki kaɗan bayan ƙaura sai ga mahaƙan ƙungiyar daga ayari uku, kowa ya ɗauki hutunsa, suka haƙa masa rijiya a sabon gidan cikin kwana shida, wadda unguwar ta sha shekaru masu yawa.

A shekarar 1979 hedkwata ta gayyace shi Turai domin ya yi wa daraktocin ƙasashe shida bayanin tsarinsa. Ya tafi da babbar riga da rigar sanyin aro, ya yi jawabi na minti ashirin, sa'an nan aka shafe rabin yini ana muhawara a kan tsawon rakiya, ko mita nawa ya kamata a rubuta a kundin aiki. Da aka matsa masa ya ba da adadi, ya ce a yi ta tafiya har mutum ya faɗi abin da ya kawo shi, in bai faɗa ba a ce an manta wani abu a kantin gaba. An rubuta wannan a kundin kamar yadda ya faɗa, kuma kalmar rakiya ta shiga takardun ƙungiyar da Hausarta, domin masu fassara sun kasa samo mata madadi. Ya horar da jami'ai a Nijar da Benin da Gana da Haute-Volta. A shekarar 1982 ya sauke farali tare da Safara'u, aka tarye su da murna tun daga filin jirgi.

Ritaya

Ya yi ritaya a ƙarshen shekarar 1987 bayan hidimar shekara goma sha tara. A walimar ban kwana, Mushe Loran, wanda ya daɗe da komawa ƙasarsa, ya aiko da wasiƙa cewa ƙungiya tana rubuta tarihinta, tana son karrama mutumin da ya fara faɗin gaskiyar famfuna, tun da yanzu babu abin tsoro. Alhaji Buraima ya mayar da amsa da ladabi cewa sunan yana nan inda mai shi ya ce a ajiye shi, kuma ba a faɗa masa ranar da amanar za ta ƙare ba. Ya ci gaba da zama a zaurensa yana sasanta ma'aurata da maƙwabta, kuma yawancin sulhun a hanyar bakin titi ake ƙulla shi.

Rasuwa da Jana'iza

A farkon shekarar 1990 ciwon zuciya ya kwantar da shi. A ranar Laraba, 13 ga Yuni, Malam Idrisu, wanda shi ma tsufa ya kama, ya iso daga Mango domin duba shi. Suka gaisa, aka tambayi lafiya aka ce lafiya lau, suka yi dariya su biyu ba wanda ya san dalili. Da baƙon ya miƙe zai tafi masauki, Alhaji ya nemi takalminsa da sanda, iyali suka hana, ya ƙi hanuwa. Ya raka shi daga ɗaki zuwa ƙofar zaure, taku goma sha biyu, wadda ita ce rakiyarsa mafi gajarta. A nan Malam Idrisu ya ce masa ya sauke nauyin haka nan, ya faɗa wa duk wanda yake so. Alhaji ya ce, “Sunanka ne, Malam. Ni ajiya aka ba ni, ga shi na mayar.”

Allah ya yi masa rasuwa washegari da hantsi, ranar Alhamis, 14 ga Yuni, 1990, cikin watan Zulƙida na 1410 Hijiriyya, yana da shekara sittin da ɗaya. An yi masa salla bayan azahar a ƙofar gidansa. Ƙungiyar ta aiko da motoci huɗu domin ɗaukar jama'a, amma ba wanda ya shiga. Direbobin suka kashe injin suka bi sahu, aka tafi maƙabarta da ƙafa cikin yayyafi, Hausawa da Kotokoli da Ewe da Turawa biyu. Bayan an binne shi an yi addu'a, ana fitowa, Malam Idrisu ya tsaya a bakin ƙofar maƙabarta ya ɗaga murya ya ce, “Jama'a, maganar famfuna ni na faɗa. Shekara goma sha biyar yana riƙe da sunana, har aikinsa ya sa a kai, ko matarsa bai gaya wa ba. Ku shaida ya mayar mini da shi lafiya.” Aka ce an shaida, kuma mutane da yawa sun koma gida suna hawaye suna murmushi.

Ya rasu ya bar matarsa Hajiya Safara'u, da jikoki goma sha ɗaya, da 'ya'ya shida: Amidu, malamin makaranta a Sokode, Mariyatu, mai rumfar zannuwa a Asigame, Isifu, makaniki a unguwar Totsi, Aïssa, ungozoma a Tokoin, Rabiyatu, tela a Zango, da autansu Idrisu, wanda sai a ranar nan shi da mutanen Zango suka san takwaran wa aka yi masa. Allah ya jiƙansa, ya sa Aljanna ce makomarsa.